Gona ta ƙarshe a unguwarmu: mu saya ko mu zuba ido a yanka ta?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Maganata tana da ɗan tsawo, a yi haƙuri da ni.

Bana shekarata tara da tarewa a nan bayan Ɗanbare, a gefen birnin Kano. Ranar da na kawo iyali, gida bakwai ne kacal a layinmu. In ka tsaya a ƙofar gida da damina, dawa da gero kake hangowa iya ganinka, da yamma kuma Fulani su ratsa da shanu. Yau duk inda ka juya bulo ne. Gona ɗaya ta rage mana, wadda take gabas da masallacin Juma'a, mai mangwaro uku da tsohuwar rijiya. Mai ita ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Jiya ina dawowa daga sallar asuba na ga mutum uku da igiya da guduma suna kafa turaku a ciki. Kowa ya san abin da ke biyo bayan wannan.

Ga abin da ya hana ni barci. Ba mu da firamaren gwamnati a kusa, yarana biyu kullum sai sun tsallaka titin Gwarzo, uwarsu ba ta samun natsuwa sai ta ji sallamarsu. Ba mu da ko ɗakin shan magani. Sannan duk ruwan da ya sauka a layukanmu huɗu, gangaren gonar nan yake bi ya kwanta. A Agustan da ya wuce na shiga wurin da ƙafata, ruwa har gwiwa, amma kwana biyu ƙasa ta shanye shi. In aka dasa gidaje a wurin, ina zai tafi?

Shawarata ita ce mu haɗa kuɗi mu sayi ko da gangaren ne, da wani yanki da za a ajiye saboda makaranta, tun ba a raba fulotai ba. Me kuka gani?

Ɗan Kurna:
Wa alaikumus salam. Yaya, wallahi ka yi tunani. Ni a Kurna aka haife ni, a can na girma kafin na dawo nan. Akwai lungun da mutum biyu ba sa jerawa. Shekarun baya gobara ta tashi a gidan maƙwabcinmu, motar kashe gobara ta zo a kan lokaci, amma a bakin titi ta tsaya, ba hanyar shiga. Da bokiti muka yi ta yi har ɗaki uku suka ƙone. Dattawa sun ce mana wurin nan duk gonaki ne a da, kowa ya sayi nasa ya gina har bakin iyaka, ba wanda ya yarda ya bar taku ɗaya. Ina ciki, ko nawa aka yanka zan bayar.

Abban Hanifa:
Ni kam ban goyi baya ba, kuma ba rowa ba ce. Mu muka sayi falwaya. Mu muka yi karo-karon taransifoma, sau biyu ma. Mu muke biyan 'yan sintiri, mu muka zuba burji a hanyar shigowa. Yanzu kuma filin makaranta? To gwamnati me ya rage mata? Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, yana da ikon karɓar fili don amfanin jama'a. A rubuta takarda, a kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukumar Kumbotso da hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA. Duk lokacin da muka ɗauke musu nauyi, ƙara sangarta su muke yi.

Maman Sadik:
Abban Hanifa, kafin takardar ta isa teburin da za a karanta ta, an riga an yi gini a wurin.

Tsohon Safiyo:
Ku ba ni dama na ɗan yi bayani, don na yi shekaru ina aikin awon filaye kafin na yi ritaya.

Awo iri biyu ne a garin nan. Akwai awon gwamnati, wanda ake zana taswira tukuna, a fitar da manyan tituna da ƙanana, a bar hanyar ruwa, a ware filin makaranta da asibiti da kasuwa da maƙabarta, sannan a yanka fulotai a sa musu lamba. Akwai kuma awon igiya, irin wanda Baban Ummi ya gani jiya. Shi ba ruwansa da taswira. Mai gona da dillali da shaidu, a ja igiya, hamsin da hamsin, a buga turke. Hanya kuwa abin da ya yi saura ne, domin duk takun da aka bari wa hanya kuɗi ne ya fita daga aljihun mai sayarwa. Daga baya wanda ya sayi hamsin da hamsin ya raba shi biyu ya sayar da rabi don ya samu na siminti. Haka Dorayi ta cika, haka Sheka, haka Rimin Kebe, haka Bachirawa.

Kada kuma a ɗora wa manomi laifin duka. Dokar da Abban Hanifa ya ambata, in gwamnati ta karɓi gona, diyyar da ta tanada ta abin da ke kan ƙasa ce, amfanin gona da bishiyoyi da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Manomi ya ga gari na tunkaro shi, ya san in ya jira za a iya zuwa a auna a ba shi abin da bai taka kara ya karya ba, ko a yi kashe-mu-raba ya tashi da 'yan fulotai. Sai ya riga su. Wannan tseren ne ya haifi yawancin unguwannin da muke ciki, kuma igiya ta fi taswira sauri nesa ba kusa ba.

Maganar Abban Hanifa gaskiya ce a doka. Amma abin da idona ya gani shi ne, titi da kwata ana iya kawo su bayan shekara goma in akwai wurin da za su bi. Wurin ne ba a sake samu. Da zarar an sa bulo, sai dai rusau, rusau kuma kowa ya ga irin kukan da ya jawo a 2023. Tun ran gini tun ran zane.

Alhaji Dillali:
Ranka ya daɗe Safiyo, na ji daɗi da ba ka zage mu ba, don a wannan zauren da an ce fili sai a ce dillalai. Tambaya ɗaya zan yi wa jama'a: a cikinmu nan mutum nawa ne ke zaune a awon gwamnati? In ba don awon igiya ba, da malamin makaranta da ɗan adaidaita da mai shago ba su mallaki muhalli a Kano ba. Fulotin gwamnati in ya fito, kafin talaka ya ji labari ya shiga hannu na uku. Mu aƙalla muna karɓar biya kaɗan-kaɗan.

Amma zan faɗi gaskiya ko a kaina ne. Sau da yawa nakan ce wa mai gona ya bar hanya ƙafa talatin, ya ce sha biyar ta isa. Masu saye su ma ba sa tambayar hanya, farashi kawai suke tambaya. Ba ni nake da cinikin gonar nan ba, amma na san wanda yake da shi, kuma gangaren shi ne mafi araha don duk mai ido ya san matattarar ruwa ce. Baƙo za a sayar wa da rani.

Ɗan Kurna:
Innalillahi. Alhaji, wannan ai zalunci ne.

Alhaji Dillali:
Shi ya sa na faɗa a fili, ƙanina.

Bakano:
Ana ta kewaye-kewaye an bar tushen. Mutane ne suka yi yawa. Mutum albashinsa bai kai wata ba, ga mata uku ga 'ya'ya goma sha biyar, kowanne in ya girma fuloti zai nema. Ko mun sayi gonar nan, shekara biyar makarantar ta cika.

Malam Na Masallaci:
Bakano, a sassauta harshe. Akwai masu iyali da yawa a nan da suke riƙe da su cikin mutunci, bai kamata a yi musu kuɗin goro ba. Musulunci ya ɗora wa uba ciyarwa da tufatarwa da muhalli da tarbiyya, wanda ya yi sakaci da su a yi masa nasiha, wannan ba gardama. Amma yaran da suke tsallaka titin Gwarzo an riga an haife su. Su ake wa neman aji.

Tsohon Safiyo:
Yawan jama'a gaskiya ne, Bakano, alƙaluma ma sun nuna. Ƙidayar 1991 ta ba jihar Kano mutum miliyan 5.8, ta 2006 ta ba ta miliyan 9.4. Daga nan ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. A ƙidayar 2006 ɗin, Kumbotso gaba ɗayanta, har da Panshekara da Mariri da Na'ibawa da mu nan, ba ta kai mutum 300,000 ba. Ku dubi unguwarmu kaɗai ku faɗa mini gida nawa ne aka gina kafin 2006. Ke nan duk wanda zai tsara mana ruwa ko aji, da tsohon lissafi da kintace yake aiki.

Sannan ba haihuwa kaɗai ba ce. A layina akwai wanda rikicin Jos ya dawo da shi, akwai 'yan Maiduguri gida biyu, akwai wanda 'yan bindiga suka taso daga Zamfara. Ga 'yan ƙauyukanmu da suke zuwa cirani su zauna. Kano gari ne mai karɓar baƙi, kuma ba na fatan ta daina.

Ɗan Cikin Badala:
Akwai wata hanyar da ba a ambata ba, ita ce rabon gado. Gidanmu na cikin birni kakanmu ne ya gina shi, da soro biyu da sassa tara. Da iyayenmu suka ƙare, magada muka haura talatin. Ba yadda za a yi a raba ɗakuna, sai aka sayar wa wani ɗan kasuwa ya rushe ya yi shaguna. Kowa ya karɓi nasa ya nufi bayan gari: wani Rijiyar Zaki, wani Gaida, wani Dawanau, ni na faɗo nan. Gida ɗaya ya zama fuloti sama da ashirin. Har yanzu in na bi ta lungun ba na iya kallon wurin.

Kuma maganar ruwa da Baban Ummi ya yi, mu a birni mun riga mun gani. Kududdufan da muka taso muna gani, waɗanda aka haƙi ƙasar ginin gidaje da ta badala a cikinsu, su ne suke karɓar ruwan sama. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka cike da shara aka yi gini. Yanzu ruwan awa ɗaya sai ka ga mutane da bokiti suna kwalfa daga ɗaki. Ku tuna abin da ya faru a Kantin Kwari a Agustan 2022, ruwa ya shiga shaguna ya lalata atamfofi da shaddoji, kuma abin da 'yan kasuwar suka yi ta kuka da shi shi ne gine-ginen da aka yi a kan hanyar ruwa. Ruwa ba ya barin hanyarsa don an sayar da ita.

Maman Sadik:
Ni dai bari na faɗi namu na mata, don mu muke wuni a unguwar, ku kuna kasuwa da ofis. Tun da na zo ban taɓa ganin ruwan famfo ba, bututun ma bai iso ba. Kura ɗaya ta mai garuwa ba ta kai mana kwana biyu, ga wanki ga girki ga yara. Rijiyarmu da take kai mu har bazara, yanzu tun Fabrairu guga yake dawowa da laka, tun da aka haƙa burtsatse uku a layin. Ga wani abin da yake damuna: sokawen maƙwabta yana jingine da katangarmu, tsakaninsa da rijiyar bai fi taku shida ba. Ba laifinsu ba ne, filin ne ba shi da faɗi. Bara yarana biyu suka kwanta da taifod a tare.

Daren da naƙudar autana ta tashi, ana ruwa, ɗan adaidaita ya ce ba zai shigo ba don taɓo. A ƙafa na taka har bakin kwalta, mijina na riƙe da ni, ƙanwata na haska mana da fitilar waya. Ba na so 'yata ta yi irin wannan tafiyar. Muna da adashi mu goma sha biyu, na yi musu magana ɗazu, sun ce kwasar wannan watan a sa a filin.

Baban Ummi:
Allahu Akbar. Allah ya saka muku da alheri, Hajiya. Kun riga mu.

Injiniya:
Maman Sadik, don Allah a riƙa tafasa ruwan rijiyar nan kafin a sha, taku shida ya yi kusa ƙwarai.

Game da ruwa: Kano ba ta rasa madatsu ba. Tiga tun zamanin Audu Baƙo, an kammala ta a 1974. Ga ta Challawa a Ƙaraye, ga Watari a Ɓagwai, ga matatun Challawa da Tamburawa. Matsalar ita ce kawo shi: wutar da za ta tura, da tsofaffin bututu masu yoyo, da sababbin unguwanni da bututu bai taɓa zuwa ba. Ko yau aka ce za a ja mana, a ina za a binne shi a lungun da bai kai ƙafa goma ba, ga kwata a tsakiya?

Ƙarƙashin Kano kuma dutse ne. Ruwan da burtsatse take zuƙa yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da tsagogin da ke ƙasa, kuma ruwan sama ne yake sake cika shi duk shekara. In muka rufe ko'ina da siminti da kwano, ruwan ba ya nutsewa, gudu yake yi ya shiga gidan wani. Shi ya sa da damina ambaliya, da rani rijiya ta ƙafe, abu ɗaya ne ya haifi biyun. Gangaren gonar nan yana yi mana aikin da ba mu san yana yi ba. In mun samu, kada a cike shi. A zurfafa shi kaɗan, a kewaye shi da waya saboda yara, a dasa itatuwa a gefe.

Jar Hula:
Ai da an ɗora daga inda Kwankwaso ya tsaya da ba a zo nan ba. Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, birane uku cif tsakanin 2011 da 2015, da tituna da magudanai da komai kafin mutum ya tare.

Abban Hanifa:
Tsarin ya yi kyau, ba musu. Amma wa ya iya saye? Shekara nawa gidaje da yawa a can suka yi a rufe ba kowa? Gwamnatoci sun yi ta yin gadoji, Ƙofar Nasarawa, Dangi, Hotoro, yanzu ga Tal'udu da Ɗan'agundi. Duk a tsakiyar gari. Mu da muke kwana a gefe fa?

Admin:
Jama'a a bar siyasa, dokar zaure ce. A koma kan gona.

Jikan Mai Gona:
Salamu alaikum. Tun safe nake karantawa ina ta tunanin ko na yi magana. Marigayin kakana ne, mahaifiyata tana cikin magada. Ba mu sayar don mun raina unguwa ba. Kaka ya bar mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya, uku ba su balaga ba, ga bashin asibiti da aka ci a jinyarsa. Noman ma ya daina yiwuwa, awakin unguwa da yara ba sa barin komai, bara ko buhu biyu ba a samu ba. A ƙarƙashin mangwaron nan na yi rarrafe, ba wanda zai fi ni jin ciwon a sare su.

Na kira kawuna, shi ne babba. Ya ce ba a karɓi kuɗin kowa ba tukuna, awo kawai aka yi. In unguwa da gaske take, zai iya jinkirta gangaren da fuloti huɗun da ke kusa da masallaci zuwa wata ɗaya. Ya kuma ce shi a kason kansa zai bar wani abu sadaka ga mahaifinsu.

Malam Na Masallaci:
Allah ya yi maka albarka, ɗana, ya jiƙan kakanka. Abu biyu zan ja hankali a kai. Na farko, kason marayun nan uku ba mai ikon yin kyauta ko rangwame da shi, ko waliyyinsu. A biya su farashin da kasuwa ta ba da cif. Baligai ne kaɗai za su iya sauƙaƙawa a nasu, da yardar ransu, kuma kada a je a yi musu taron dangi har kunya ta sa su amsa, musamman matan. Na biyu, in an saya a rubuta shi waƙafi ne, a faɗi abin da aka yi waƙafin dominsa.

Abban Hanifa:
To ga inda tsorona yake, Malam. Mun sha ganin filin da aka ware wa makaranta ko maƙabarta, bayan shekaru a wayi gari an yanka shaguna a jikinsa. Yau muna raye mun san zancen. Shekara goma sha biyar nan gaba wa zai hana wani ɗan kwamiti ko wani mai ƙarfi ya ce nasa ne? In za a amsa mini wannan, zan bayar, kuma ba zan fasa maganar takarda ba.

Tsohon Safiyo:
Tambayarka ita ce mafi muhimmanci a duk yinin nan. Kada a rubuta da sunan mutum ɗaya, ko liman ne. A yi wa ƙungiyar unguwa rajista, a sa amintattu aƙalla biyar, da mace a ciki. Takardar ciniki ta bi ta hannun mai unguwa da dagaci, kowane magaji baligi ya sa hannu, waliyyin yara ya sa nasu. A ɗauko safiyo mai lasisi ya fitar da taswira da lambobin kusurwa, a kafa duwatsun siminti, a kai KANGIS, hukumar rajistar filaye ta jiha, a nemi shaidar mallaka da sunan ƙungiya. Kwafi kuma a raba wurare da yawa, har a ɗora hotonsa a nan zauren kowa ya adana. Fili in ya zauna kango shi ake wa kwaɗayi, don haka ko aji biyu ne na kwano a fara, yara su shiga.

Kuma takardarka tana da amfani, Abban Hanifa. Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Bambanci ne babba tsakanin ku je ku ce a ba mu makaranta, da ku je ku ce ga fili da takardunsa, a zo a gina a turo malamai. Ni zan duba awon kyauta, gwiwa ce dai ba ta barina doguwar tsayuwa, sai a haɗa ni da matashi mai riƙe tef.

Ɗan Kurna:
Ni ne matashin, Baba.

Maman Sadik:
'Yan haya fa? Sun fi masu gida yawa a layinmu, kada a yanka musu daidai da masu gida.

Baban Ummi:
Gaskiya ne, Hajiya. Masu gida a yanka, 'yan haya abin da ya sauwaƙa. Alhaji Dillali, don Allah ka binciko mana farashin da ake yi a wurin yanzu, mu san inda muka dosa. Jikan Mai Gona, ka roƙar mana kawu ya zo da kansa. Abban Hanifa, kai za ka rubuta takardar, ka fi mu iya biro. Mu haɗu ranar Asabar bayan la'asar a harabar masallaci, mata kuma Malam ya ce za a buɗe musu ajin Islamiyya su ji komai ta lasifika. Zan je wurin mai unguwa yau bayan magariba, wa zai raka ni?

Abban Hanifa:
Ka biyo ta gidana, mu tafi tare.